Zaɓen Mutanen da Za a Yi Binciken Lafiya a Kansu

Tun kafin a ɗebi jinin kowa, wajibi ne mai binciken lafiya ya fayyace ko su waye sakamakonsa zai shafa. Jama'ar da ake son sanin halinsu baki ɗaya, kamar dukkan mata masu juna biyu a wata jiha, su ake kira al'ummar bincike, 'yan kaɗan ɗin da aka zaɓa aka auna kuwa su ne samfuri, kuma ana rubuta sharuɗɗan shiga da na cirewa, irin su shekaru da wurin zama, kafin a fara aiki.

Idan samfuri ya bar wasu a waje, sakamakon ba zai wakilce su ba. Binciken zuciya na garin Framingham a Amurka, wanda aka soma a 1948 da mutum 5,209, shi ya tabbatar da alaƙar hawan jini da shan taba da ciwon zuciya, amma da yake kusan dukkansu fararen fata ne, sai a 1994 aka ƙara rukunin wasu jinsuna. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne yadda hukumar magunguna ta Amurka ta ba da shawara a 1977 cewa a cire matan da ke shekarun haihuwa daga matakan farko na gwajin magani, har sai da aka yi doka a 1993 wadda ta wajabta sa mata a binciken da cibiyoyin lafiya na gwamnati ke ɗaukar nauyinsa.

Kuskuren da ya fi sauƙin aukuwa shi ne dogaro da waɗanda suka zo asibiti, domin su ne a kusa. A arewa maso yammacin Najeriya, inda mafi yawan mata a gida suke haihuwa, binciken da ya tsaya a ɗakin haihuwa ya bar mafi rinjaye a waje, alhali su ne suka fi buƙatar a san halinsu. Ai ko mai sayen gero ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya zura hannu ciki.

Maganin wannan shi ne zaɓe ta hanyar ƙuri'a, yadda kowa zai sami damar shiga. Haka Hukumar Ƙidaya ta Najeriya ta yi a binciken lafiya na 2018, inda ta zaɓi yankuna 1,400, sannan gidaje a cikinsu, aka tattauna da mata 41,821 masu shekara 15 zuwa 49. Duk da haka, ƙuri'a ba ta faɗa wa wanda ba ya cikin jerin gidaje, shi ya sa makiyaya da 'yan gudun hijira suke buƙatar tsari na musamman kafin a kai gare su.