Injin Sassaƙa Mai Ɓatan Ƙidaya

A cikin shekarar 1952 ne masana na wata babbar makarantar fasaha a Amurka, wadda ake kira MIT, suka nuna wa duniya injin sassaƙa ƙarfe wanda lambobi ke bi da shi maimakon hannun mutum. Jikokin wannan inji, watau CNC, yau sun ƙanƙance har ana ɗora su bisa tebur. A Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, akan sami ɗalibi ya harhaɗa nasa a ɗaki, a Sabon Gari kuwa akwai mai nema wa sana'ar kafinta da rubutun allo sauƙi da shi.

Kukan da aka fi yi da shi guda ne. Inji ya yi aiki lafiya lau ran Litinin, ran Talata ana tsakiyar zanen ƙyaure sai ya goce, ƙarshen layi ya ƙi gamuwa da farkonsa. Katakon maɗaci ya salwanta, ga mai ƙofa yana jiran kayansa. Ran Laraba kuma ya koma kamar bai taɓa laifi ba.

To, jama'a, ku sani ƙaramin injin nan makaho ne. Ba ya ganin inda bakin yankansa yake, ƙidaya kurum yake yi. Motar lantarkin da ke jansa taki-taki take juyawa, galibi taki 200 a kewaye guda. In kewaye guda yana jan bel milimita 40, kowane taki kashi ɗaya ne cikin biyar na milimita. Kwamfuta ta ba da umurnin taki dubu, in motar ta yi tuntuɓe a hanya, kwamfuta ba ta da labari, sai ta ci gaba da lissafinta a kan ƙarya. Har wa yau, bisa ga ƙirar motar, in ta zame huɗu-huɗu take zubar da takin, watau tuntuɓe ɗaya ya kusa cin milimita guda.

Saboda haka tambayar ita ce, me ya sa ta tuntuɓe? Masu garaje sukan sayi sabuwar mota nan da nan. A ganina asarar kuɗi ce, gama da wuya laifin ya zama nata.

A fara da abin da ba ya cin ko kwabo. A ja layi ɗaya da fenti bisa sandar motar da ɗan faifan da bel ke hawa. In bayan aiki layin ya rabu biyu, ashe ɗan sukurun da ke riƙe faifan ne ya kwance, yana kamawa yana saki. Sa'an nan a yi alama inda inji ya tashi, a sa shi ya yi aikin duka a iska, bakinsa bai taɓa katako ba, kana a ce ya koma gida. In ya sauka daidai kan alama, nauyin yanka ne ya fi ƙarfinsa, sai a rage zurfi da gudu. In ya kauce ko a iska ma, a duba hanyoyin da yake zamewa a kai, don ƙurar hunturu in ta gamu da giris da garin katako takan zama ƙulli.

Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne na wuta, nan ne kuwa littafi da fensir suka fi sifana amfani. A rubuta rana, da sa'a, da abin da ke faruwa a unguwa duk lokacin da inji ya goce. In kullum bayan azahar ne cikin zafin Maris da Afrilu, 'yar na'urar da ke ba motar wuta ce ta yi zafi, tana ɗauke kanta na ɗan lokaci don kada ta ƙone. Ƙaramar fanka ta wadatar. In kuwa ya dace da sa'ad da mai walda na maƙwabta ya kunna injinsa, ko aka ƙara wa janareta nauyi, wutar ce ta yi ƙasa. Akwai kuma wayar kwamfuta da aka shimfiɗa kafaɗa da kafaɗa da ta motar yanka, wadda kan cusa mata saƙon banza. A raba su, a ɗaura wa inji wayar ƙasa.

Ina roƙon malaman sana'a a kwalejojinmu su hana yaro taɓa abu biyu a gwaji ɗaya. Wanda ya ɗaure sukuru, ya ja bel, ya sa fanka duk a wuni guda, ko injin ya warke bai san maganinsa ba, ran da ciwon ya komo kuwa sai ya sāke faro bincike daga tushe.