Lasifika Ƙirar Gida: Yadda Ake Haɗa Ɗiya Da Mazurarinta

A yau babu wani taro da ake yi cikin garuruwanmu ba tare da lasifika ba. Ko biki ne, ko zanen suna, ko wa'azi, ko kokowa, ko taron ƙungiyar manoma, sai an kafa akwati an ɗaura waya. Da yawa cikin waɗannan akwatuna ƙirar gida ne. Kafinta ya yanka katako, mai gyaran radiyo ya saka kayan ciki, mai haya ya ɗauka ya zagaya ƙauyuka da su.

Amma sau da yawa ana tashi daga taro da ƙorafi iri ɗaya. Na gaba sun toshe kunne don ƙara, na baya da na gefe kuwa ba su ji komi ba sai gunji. An yi bayanin ranar rigakafin yara ko ranar rabon iri, rabin jama'a sun koma gida suna tambayar juna abin da aka ce. Galibi laifin yana wuri guda: wajen ƙaramar lasifika da mazurarin da aka ɗaura mata.

Uwa da ɗiya

Sauti girgizar iska ne. Kunnen yaro mai lafiya yana jin girgiza daga 20 har zuwa 20.000 cikin sakan guda. Wannan awo shi ake kira hertz, da sunan wani masanin ƙasar Jamus, Heinrich Hertz. Girgiza kaɗan ita ke ba da murya mai kauri, irin ta tambari. Girgiza mai yawa ita ke ba da murya siririya, irin ta sarewa.

Lasifika guda ba ta iya ɗaukar wannan kaya duka. Shi ya sa ake saka biyu cikin akwati. Babbar, wadda za a kira uwa, tana riƙe da kauri. Ƙaramar, wato ɗiya, wadda masu sana'a ke ce ma tuwita, tana riƙe da siririn sauti. Faɗin bakinta yawanci milimetir 25 ne kawai, amma nauyin da ke kanta babba ne. Baƙaƙe irin su s, sh, ts da f suna cikin rabonta. In sun ɓace, mai sauraro ba ya rarrabe "sha" da "sa", kuma maganar ta zama banza.

Dalilin mazurari

Sauti yana gudun wajen metir 343 cikin sakan guda, yana ɗan ƙara sauri lokacin zafi. Yana tafiya kamar igiyar ruwa, kuma kowace murya da tsawon igiyarta. Mai girgiza 100 tsawonta metir 3 da santimetir 40 ne. Mai girgiza 1000 santimetir 34. Mai girgiza 10.000 kuwa ba ta kai santimetir 3 da rabi ba.

Ga ka'idar da ya kamata kowane mai haɗi ya riƙe. In igiyar sauti ta fi bakin lasifika tsawo, sautin yana bazuwa ko'ina. In ta yi daidai da bakin ko ta gaza shi, sai sautin ya tattaru ya miƙe gaba kamar hasken tocila. Uwa mai faɗin santimetir 30 tana fara tattara sautinta tun wajen girgiza 1000. To a daidai inda uwa ta ƙuntata, nan ɗiya ke karɓa, ita kuwa don ƙanƙantarta sai ta watsa nata sautin dama da hagu, sama da ƙasa. Na tsaye a tsakiya ya ji abu ɗaya, na gefe ya ji wani daban, kuma ƙarfin ɗiya ya ƙare a sama da bango tun bai kai ga na baya ba.

Mazurari shi ke gyara wannan. Kowa ya san manomi in zai kira ɗan'uwansa daga wata gona, sai ya kewaye bakinsa da tafin hannu. Haka bakin algaita da na kakaki suke buɗewa a ƙarshe. Mazurari yana tattara sautin ɗiya ya daidaita faɗinsa da na uwa. Yana ƙara mata ƙarfi a wajen muryoyinta na ƙasa, inda ta fi wahala, don haka ba ta yin zafi da wuri. Kuma da yake yana mayar da ita baya kaɗan cikin akwati, sautinta da na uwa suna isa kunne kusan tare.

Wannan sani ya daɗe. A shekarar 1919 wani malami a Amurka, Arthur Webster, ya fitar da lissafin yadda sauti ke bi cikin ƙaho. A 1925 Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana irin lasifikar naɗin waya da maganaɗisu da ake aiki da ita har yau. A 1975 Don Keele na kamfanin Electro-Voice ya fito da ƙahon da ke raba muryoyi da faɗi ɗaya. A 1989 Earl Geddes ya buga bincikensa a kan mazurarin sauti, wanda masu ƙira da yawa suke bi.

Iri biyu ne

Akwai ɗiya mai ɗan tulluwa a baki, kamar rabin ƙwai. Ita ta ɗaki ce, ko ƙaramin zaure. Mazurarinta marar zurfi ne, kuma faɗinsa ya kamata ya yi kusa da faɗin uwar da za su zauna tare.

Akwai kuma ɗiya mai matsa iska, wadda ke da nauyin maganaɗisu da ɗan rami a gaba. Ita ce ta fili da babban taro, kuma ba ta aiki sai da ƙaho. Wasu ana murɗa su cikin ƙahon kamar marfin kwalba, wasu ana ɗaure su da noti. Mai saye ya tafi kasuwa da ɗayan a hannu ya gwada, don mai rami inci 1 ba ta shiga ƙahon da aka yi ma inci 2.

Wanda bai samu na roba ba yana iya yin mazurari da katako. A manna falle biyu ko uku da gam, a huda tsakiya, a sassaƙe a goge sumul. Masassaƙan da ke yin akushi da turmi sun iya wannan aiki in an zana musu. Sai dai a kiyaye siffa. Ƙwarya da tasa suna lanƙwasowa ciki, mazurari kuwa buɗewa yake yi waje sannu a hankali, har bakinsa ya saje da fuskar akwati babu kaifi.

Aikin yana ga maƙogwaro

Maƙogwaro shi ne ƙaramin ramin da ɗiya ke haɗuwa da mazurari. Nan ne mafi yawan masu haɗi ke yin sakaci, nan ne kuma sauti ke lalacewa. Tun da igiyar siririyar murya ƴar santimetir 2 ko 3 ce, tazarar milimetir kaɗan ta isa ta dame ta. Sautin ya bugi gefen ya komo, ya ci karo da mai fitowa, sai a ji murya tana tsawa ko tana fita ta hanci.

Na farko, ramin ya yi daidai da kewayen tulluwar ɗiya. In ya yi faɗi, an bar mataki. In ya yi ƙunci, katako zai taɓa ta ya hana ta motsi.

Na biyu, yawancin ɗiyan ɗaki suna zuwa da faifan fuska. Sau da yawa sai an cire shi kafin tulluwar ta zauna cikin maƙogwaro. A kwance a hankali, a riƙe abin kwancewa da kyau, don maganaɗisu yana fizgar ƙarfe ya huda tulluwa. A wasu, naɗin waya yana manne da faifan. Irin wannan a bar ta yadda take, a nemi mazurarin da ya dace da ita.

Na uku, a share wurin aiki. Garin ƙarfe in ya shiga tsagar maganaɗisu ba ya fita, kuma zai goge naɗin waya har ya tsinke.

Na huɗu, a saka siririyar roba ko kwali tsakanin ɗiya da bayan mazurari don kada iska ta fita, amma kada gefenta ya leƙo cikin rami. A ɗaure noti ɗaya-ɗaya, wannan sannan na ƙetarensa, ba da ƙarfin tsiya ba. In an matsa gefe guda, tulluwa ta karkace.

Na biyar, a kafa mazurari kusa da uwa iyakar iyawa, a bisanta. In sun yi nisa da juna, muryoyinsu suna cin juna.

Mai tsaron ƙofa

Ba a jona ɗiya kai tsaye ga ampili. Kaurin sauti yana ƙone ta nan da nan. Ana saka mata kwandansa a kan waya guda, shi ne mai tsaron ƙofa: ya bar siriri ya wuce, ya tare kauri. Ga ɗiya mai om 8, kwandansa mai lamba 4,7 yana fara tarewa daga wajen girgiza 4200 zuwa ƙasa. Mai 3,3 daga wajen 6000, mai 6,8 daga wajen 2900. A nemi irin wanda ba ya da ƙafar ƙari da ta ragi. Da yake mazurari ya riga ya ƙara ƙarfin ƙasa, yawanci ƙaramin kwandansa ya fi dacewa. Wannan ita ce kariya mafi sauƙi. Akwatin babban taro yana bukatar cikakken allon rabon sauti, mai kwandansa da naɗin waya.

Gwaji kafin haya

In an gama, a fitar da akwati fili a buɗe labarun radiyo, ba da ƙarfi ba. A tsaya gaba, sannan a zagaya sannu zuwa gefe. In aikin ya yi kyau, murya za ta riƙa raguwa amma ba za ta sake kama ba. In an ji ta yi rami a tsakiya, a juya wayoyin ɗiya biyu a sake saurare, a bar wanda ya fi cika.

Ranar taro kuma a ɗaga akwati bisa kan jama'a, bakin mazurari yana duban na baya, don jikin mutane yana shanye siririn sauti. Kada mai magana ya tsaya da makirfo gaban akwati. Kukan nan mai tsinin da ke tashi yana cikin manyan masu kashe ɗiya, haka ma murɗa ampili har murya ta fashe. A hana yara zama bakin ƙaho, don kunnen da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Lokacin hunturu a rufe akwati da zane saboda ƙura.

Ɗiya guda in ta ƙone, kuɗɗin hayar kwanaki sun tafi, ga kunya gaban mai biki. Awa guda da mai haɗi zai ɓata yana goge maƙogwaro ta fi masa arha. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya sa ma sana'a albarka, ya sa na bayan taro su ji abin da na gaba suka ji.