Zane da fensir: yadda haske da inuwa ke ba hoto rai

Yaro kan zana tulu daidai, baki da wuya da ciki duk a wurinsu, amma hoton ya fito a baje kamar an bi shi da dutsen guga. Abin da ya rasa shi ne inuwa. Ido yana gane tudu da kwarin abu ne ta bambancin inda haske ya buga da inda bai kai ba.

Bakin fensir haɗi ne na girafit da yumɓu, dabarar da Bafaranshe Nicolas-Jacques Conté ya fito da ita a shekarar 1795. In yumɓu ya yi yawa, fensirin ya kan yi tauri, zanensa ya yi fari-fari, shi ne mai alamar H. In ya yi kaɗan, sai ya yi laushi da baƙi, shi ne mai alamar B. HB da ƴan makaranta ke saye yana tsakiya, kuma ya ishi mai koyo ya fara. 2B da 4B suna taimakawa wajen duhu.

Aikin farko shi ne a ja gidaje biyar a jere. A bar na farko fari, a cika na ƙarshe da baƙi ƙirin, sauran ukun su riƙa ƙara duhu a hankali. Duhun yana samuwa ne ta maimaita shafi a kan shafi da gefen bakin fensir. Dannawa da ƙarfi tana ɓata takarda, har magogi ya kasa gyarawa.

Daga nan sai a ajiye ƙwai kusa da taga, haske ya zo masa ta gefe ɗaya. Za a ga wurin da ya fi haske, sai tsaka-tsaki, sai duhun jikinsa, sai ɗan hasken da ƙasa ke mayarwa a gindinsa, sannan inuwar da ya jefa a ƙasa, wadda ta fi duhu dab da shi. Runtse ido kaɗan yana sa waɗannan su fito fili.

Yawancin masu koyo suna tsoron baƙi, sai hoton ya tashi toka-toka. Wasu kuma suna murza zanen da yatsa, maiƙon hannu ya bar tabo. Ƴar takarda a ƙarƙashin hannu tana hana dagulewa. Wanda ya iya ƙwai, tulu da ƙwarya ba za su gagare shi ba, daga nan sai fuskar mutum.