Jinya a Ƙasar da Babu Dangi

Duk wanda ya taɓa kwana a Asibitin Murtala na Kano ya san yadda jinya take a wurinmu. Majinyaci ɗaya ne a kan gado, amma a waje akwai tabarmi uku, da buta, da kulolin abinci da ake ta aikowa daga gidaje daban-daban. Wannan ta kwana yau, waccan gobe, ƙanin miji shi ne mai zuwa sayen magani, maƙwabciya ta riƙe yara. Babu wanda ake nunawa a ce ga mai ɗauke da nauyin, domin nauyin ya rarrabu har ya zama kamar babu shi.

To a ɗauke wannan majinyacin a kai shi wani gida mai ɗaki biyu a Manchesta ko gabashin Landan. A ce magidanci ne da ɓarin jikinsa ya shanye, ko yaro mai sikila da ciwonsa ke tashi duk lokacin da sanyi ya shigo, ko tsohuwar da gigin tsufa ya kama har ta fara buɗe ƙofa cikin dare tana neman hanyar Fagge. Duk hannayen nan sun koma hannu biyu, kuma kusan kullum na mace ne. Ita ce mai wanka da tsarki da alwala, ita ce tafinta a gaban likita, sannan da safe ta ɗauki jaka ta tafi aiki, domin kuɗin haya ba ya jiran kowa ya warke.

Birtaniya ta san da irin waɗannan mutane, har ta ƙirga su. Ƙidayar 2021 ta nuna kimanin mutum miliyan 5 a Ingila da Wales suna kula da wani nasu ba tare da albashi ba, kuma kusan miliyan 1.5 daga cikinsu suna yin awa 50 ko fiye a mako. Akwai dokoki da aka yi dominsu. Sai dai duk wata ƙofa ta taimako mabuɗinta ɗaya ne: sai mutum ya buɗe baki ya ce, ni mai kula da wani ne. A nan Bahaushiya take tsayawa. A tambaye ta a asibiti ko tana da wanda take kula da shi, ta ce a'a, alhali mintuna kaɗan da suka wuce ta gama sauya wa surukarta zanin gado. Ba ƙarya ta yi ba. A ganinta ba aiki take yi ba, aure take yi, lada take nema. Wanda ya kira hidimar mahaifiyarsa aiki, har yana neman a biya shi, ai kamar ya yi gori ne. Da an tambaye ta ko tana jinya, da ta amsa.

Abin da take bari a baya ba kaɗan ba ne. A Ingila, dokar kulawa ta 2014 ta ba mai jinya haƙƙin ƙaramar hukuma ta duba halin da shi kansa yake ciki, ba na majinyacin kawai ba: yana samun barci, yana iya riƙe aikinsa, yana ma son ya ci gaba? Wannan dubawar kyauta ce, kuma ba ruwanta da yawan kuɗin mutum. Daga nan ake iya samun mai zuwa ya zauna da majinyaci na wasu awoyi, ko a karɓe shi na 'yan kwanaki mai jinya ya sarara. Abin da ya fi dacewa da mu, a ganina, shi ne tsarin da hukuma ke miƙa wa iyali kuɗin kulawar su ɗauki ma'aikacin da suka zaɓa. Babban abin da ke hana mu karɓar baƙo a gida shi ne tsoron a turo namiji ya yi wa Hajiya wanka, ko wadda ba ta san tsarki ba, ba ta san abin da ya halatta a tukunya ba. Da wannan kuɗin ana iya ɗaukar mace Musulma, in an yi sa'a ma mai jin Hausa, wadda za ta ce "sannu Inna, ya jiki?" tsohuwa ta saki jiki. Yawanci ba a yarda a biya ɗan'uwan da ke zaune gida ɗaya da majinyacin ba. Haka kuma majinyacin da ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya kuɗin kulawarsa, kuma ƙananan hukumomi da yawa ba su da kuɗi, jira yana da tsawo. Duk da haka, jiran layi ya fi rashin shiga layin.

Sai alawus ɗin mai jinya, wanda sunansa ya fi shi girma. A Afrilun 2025 ya zama fam 83.30 a mako, ga wanda ke yin aƙalla awa 35 yana kula da mutumin da ke karɓar tallafin naƙasa. A raba a gani: bai kai fam biyu da rabi a awa ba, a ƙasar da mafi ƙarancin ladan babba a lokacin yake fam 12.21 a awa. Kuma akwai rami a cikinsa. An ƙayyade abin da mutum zai samu daga aikinsa a mako, da fam 151 ne, aka ɗaga zuwa 196 a Afrilun 2025. Ya wuce da fam ɗaya, alawus ɗin wannan makon duka ya tafi. Ma'aikatar ayyuka da fansho takan bar abin ya taru shekaru kafin ta aiko da takardar bashi, har kuɗin da ake bin masu jinya ya haura fam miliyan 250 a 2024, aka naɗa Liz Sayce ta binciki lamarin. Mutanenmu da yawa aikin awa-awa suke yi, wannan makon da yawa, wancan kaɗan, ga karɓar aikin abokiya in ta roƙa. Su ne daidai bakin ramin.

A wurin aiki an ɗan samu sauyi. 'Yar majalisa Wendy Chamberlain ta kai ƙudurin da ya zama dokar hutun mai jinya, wadda ta fara aiki ranar 6 ga Afrilu, 2024, a Ingila da Scotland da Wales. Ma'aikaci yana da mako guda a shekara, tun daga ranar da ya kama aiki, zai iya gutsuttsura shi rabin yini-rabin yini, ba a neman takardar likita, kuma shugabansa ba zai hana ba, sai dai ya ɗage. Daga wannan ranar kuma ana iya neman sassaucin lokutan aiki tun ranar farko, sau biyu a shekara. Amma hutun ba a biyansa. Ga wanda albashinsa ke ciyar da gida a Lids da wani gidan a Zariya, mako ba kuɗi ba hutu ba ne, asara ce. Shi ya sa ake cinye hutun shekara a ɗakin jira na asibiti, ko a kira a ce ba a jin daɗi. Wasu ma'aikatun kan biya 'yan kwanaki don kansu, kuma ƙungiyar Carers UK ta daɗe tana neman a mayar da biyan doka.

Akwai kuma waɗanda rabin zancen nan bai shafe su ba. Ɗalibai da masu bizar aiki, takardarsu ta hana su taɓa tallafin gwamnati, kuma alawus ɗin mai jinya yana cikin abin da aka hana. Tsoro ya sa suna gudun komai, har da abin da ba a hana su ba. Taimakon sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ba ya cikin jerin da dokar shige da fice ta haramta, hutun mai jinya kuwa haƙƙin ma'aikaci ne ko wane irin fasfo yake riƙe. Amma wa zai gaya musu? A taron suna ko walimar Sallah ana zancen biza da makarantar yara da farashin tikitin Abuja, ba a zancen wadda ta yi wata shida ba ta yi barcin kirki ba. A tambaye ta, ta ce alhamdulillahi, jiki da sauƙi.

Wani abin da ke sa ni jinjina kai shi ne, tun da aka buɗe bizar masu kula da tsofaffi a Fabrairun 2022, 'yan Najeriya suna sahun gaba wajen samunta, kafin a hana su tahowa da iyali a Maris 2024, a rufe ɗaukar sababbi daga waje a Yulin 2025. Ke nan 'yar Kaduna tana goge wa tsohuwar Baturiya baki a kan lada, tata uwar tana kwance a Tudun Wada. Ɗauko ta kuwa kusan ba ya yiwuwa: tun 2012 sai an tabbatar cewa ko da kuɗin 'yarta ba za ta samu kulawar da take buƙata a ƙasarta ba. Sai jinyar ta koma ta waya. A turo hoton takardar magani ta WhatsApp, a tura kuɗi, a yi ta ba da umarni daga nesa ga ƙanwar da ta ajiye karatunta ko sana'arta ta dawo gida. Ita wannan ƙanwar babu dokar 2014 a kanta, babu makon hutu, babu wanda zai zo ya tambaye ta ko tana barci. In aka yi waya, ana fara tambayar jikin Inna, a tambayi ko kuɗin ya shiga, sannan a ce a miƙa wa Inna wayar.