Ba Kowane Ruwa Ake Kai Wa Lambu Ba

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, noman rani ya zama abin dogaro a ƙasar Yawuri. Albasar Gungawa ta yi suna, ga shinkafa da tumatir daga Shanga har Ngaski. Sai dai duk ruwan da ya fito daga bayan gida, mayanka da kwatocin Yelwa gangarawa yake yi bakin ruwa, inda injinan ban ruwa ke zuƙa.

Manomi na son ruwan kwata, kuma da gaskiyarsa: akwai taki a ciki, ganye kan yi shar. Amma tare da takin akwai ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin taifot da kwalara, cutar da ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya a 2021. Akwai dabarar rage wannan dattin. A haƙa rami ruwan ya kwanta na wasu kwanaki kafin a ja na sama. A bi da shi ta kwari zuwa gindin shuka, kada a watsa kan ganye. A daina bayarwa kwanaki kaɗan kafin a tsinka, rana ta yi aikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa waɗannan dabarun cikin ƙa'idojinta na 2006. Latas, kabeji da karas da ake ci ɗanye, gara a ba su ruwan rijiya. Mai ban ruwa kuma ya sa takalmin roba, domin akwai tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafa.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne ruwan wankin zinare, ga shi ana haƙarsa a Yawuri da Ngaski. Zaibar da ake kama zinare da ita, da dalmar da kan zo cikin dutsen, ba sa mutuwa a rana, dafuwa ma ba ta kawar da su. A ƙasa suke zama shekara da shekaru, shuka da kifi suna ɗauka. Dalma ce ta hallaka yara sama da 400 a Zamfara a 2010. A Kano ma, bincike ya sha gano ƙarafa masu guba a ganyayen da ake shayarwa daga Jakara da Getsi, inda ruwan masana'antun Bompai ke zuba.

Don haka kafin ka jefa tiyo, taka ka bi ruwan ka ga daga ina ya fito. In ya ratso wurin wankin zinare, ka bar shi, ka sanar da mai unguwa da malamin gona.