Korona da lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai: binciken duniya bai leƙo Afirka ba

Ranar 20 ga Maris 2020, kwana ɗaya bayan samun mutum na farko da ya kamu da korona a Yamai, aka rufe makarantun Nijar tun daga firamare har jami'a. Ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni da takwarorinsu na Maraɗi, Damagaram da Tawa sai da suka jira ranar 1 ga Yuni kafin a sake buɗe azuzuwa. A Yamai kuwa an ƙara da dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, wato daidai lokacin da matasa ke zama a fada, suna shan shayi suna sauke abin da ke ransu.

Masana sun auna abin da irin wannan zama ya yi wa ƙwaƙwalwar jama'a. A watan Oktoban 2021 mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa wani bincike da ya ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an samu ƙarin mutum miliyan 53 masu ciwon damuwa mai tsanani, da miliyan 76 masu ciwon fargaba. Mata da matasa ne abin ya fi shafa. A Maris 2022 hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce cututtukan biyu sun ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100.

Amma alƙaluman na da giɓi. Ƙiyasin ya shafi ƙasashe 204, sai dai an gina shi ne a kan bincike 48, akasarinsu daga yammacin Turai da arewacin Amurka. Babu ko ɗaya daga Afirka. Lissafi ne aka yi wa ɗalibin Sahel daga amsoshin da wasu suka bayar.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Lokacin kulle, ta intanet aka fi aika wa mutane tambayoyin bincike, alhali UNESCO ta ce kashi 82 cikin 100 na ɗaliban Afirka kudu da Sahara ba su da intanet a gida, kashi 89 kuma ba su da kwamfuta. Wanda ya koma ƙauye ba kuɗin mega, darasi ya wuce shi, tambayar mai bincike ma ta wuce shi. Ɗalibi makaho da aka turo wa hoton takardar darasi ta WhatsApp sai ya nemi mai karanta masa. Kurma da ke bin leɓen malami kuwa, takunkumi ya rufe masa hanya.

Ɗaliban da ke waje sun ga nasu. A Faransa doka ta ba baƙon ɗalibi damar aikin awa 964 a shekara, kuma da shi da yawa ke biyan haya. Da gidajen abinci suka rufe, aikin ya tafi, aka riƙa ganin dogayen layukan ɗalibai masu karɓar tallafin abinci. Sai a Janairun 2021 shugaba Macron ya sanar da abincin yuro 1 ga kowane ɗalibi, har da baƙi, daga baya aka buɗe shirin ganin masanin halayyar ɗan Adam kyauta.

Irin wannan shiri sai inda ake da ma'aikata. A lissafin OMS na 2020, nahiyar Afirka na da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ƙasa da 2 ga kowane mutum dubu 100, yayin da matsakaicin duniya ya kai 13. Ga kuma kunya: a Yamai, ambaton Pabiyon E na babban asibitin ƙasa ya isa a yi wa mutum kallon mahaukaci. Shi ya sa ɗalibin da ya daina barci ko ya kasa riƙe karatu ya fi sauƙin cewa kansa ke ciwo, ya sayi ƙwaya a bakin titi ya yi shiru.