Zambar Ashirin: Nazari a Kan Siffofin Lambar 20,000

A wannan maƙala za mu duba lambar 20,000, wadda magabatanmu suka kira zambar ashirin, watau yawan wurin da ke cika keso guda. Wuri ne kuɗin da matafiyin nan Barth ya tarar ana ciniki da shi a Katsina a 1851.

Da farko, lambar cika ce, ba mara ba. Idan muka yi ta raba ta biyu, sau biyar za ta rabu, mu tsaya a 625, wadda ita kuma biyar ce sau biyar sau biyar sau biyar. Ashe tubalanta biyu da biyar ne kurum. Wannan ya yi wa masu ƙidayar wuri daidai, domin biyar-biyar suke jan sa.

Na biyu, lambobi 30 ne ke raba ta ba saura. In muka tara su, ban da ita kanta, za mu sami 29,203. Saboda jimlar ta ɗara ta, masana lissafi suka sanya ta a rukunin lambobi masu yalwa.

Sai dai babu uku cikin tubalanta. A rabon gado, tumuninta yana fita cif, wuri 2,500. Amma in aka kasa ta uku don fitar da sulusi, kowane kashi 6,666 ne, wuri biyu su yi saura.

Shawararmu ga ɗalibanmu na Dutsin-Ma, musamman masu zuwa gwajin koyarwa a Kurfi, ita ce su fara darasin tubalan lamba da keso. Yaron da ya gano dalilin ragowar wuri biyun nan da kansa, ba ya bukatar hadda.